Sunan Ƙarshe a Takarda

Akwai wani mai gyaran fanka da dutsen guga a layinmu wanda kowa ke kira Mai Sharhi. Hannunsa na da kyau a aiki, wannan ba mai musu, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. In ka kai masa fanka da safe, kafin ya kwance noti ɗaya ya faɗa maka wanda ya lalata ƙasa, da wanda ya taya shi, da abin da zai yi da a ce shi ne kan mulki. Ko ta'aziyya ya je, sai ya san yadda ya karkatar da zancen ya koma kan gwamnati. Abin haushin shi ne sau da yawa yana da gaskiya. Sai dai bai taɓa sanin lokacin yin shiru ba, kuma ba sautin da ya kai muryarsa daɗi a kunnensa.

Yana da ƙane guda, autansu, wanda ke yankan tikiti a babbar tashar mota. Wata safiya wasu marasa imani suka ajiye jaka a ƙarƙashin bencin fasinjoji, bam ya tashi, mutum arba'in da shida suka mutu. Auta na cikinsu. Kwana uku ana neman sa a asibitoci, a ƙarshe da mukulli aka gane shi, mukullin shagon Mai Sharhi da ya ba shi a safiyar ranar ya yanko masa wani. Shi ne na ƙarshe da aka gane, shi ya sa sunansa ya zo ƙarshe a takardar mamatan.

Duk shekara idan ranar ta zagayo, iyalan mamatan kan taru a harabar tashar. Ba wani dogon biki ake yi ba. A jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa, a yi addu'a, sannan a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, a tashi. Mai riƙe da takardar wata tsohuwar nas ce da ta yi aiki a ɗakin gaggawa a ranar, kowa Sista yake ce mata. Dokarta ɗaya ce: wanda aka ba makirufo sunaye kaɗai zai karanta.

Mahaifiyar su Mai Sharhi ba ta taɓa zuwa ba. Tun rasuwar Auta ko ta titin tashar ba ta yarda a bi da ita. A gidan kuwa, don tausayinta, an daina ambaton sunansa kwata-kwata. In zance ya biyo ta kansa sai a ce marigayi, a yi sauri a wuce. Haka aka yi shekara tara, ƙafafunta suka kumbura, kunnenta ya yi nauyi.

Ana saura mako biyu a cika shekara goma, ta kira 'ya'yanta biyu ɗakinta, Mai Sharhi da yayarsa mace.

"Bana za ni tashar nan," in ji ta.

Yaya ta ce, "Haba Mama, da wannan ƙafar? Rana ce fa wurin, ga hayaniya."

"Ku ɗauke ni ko a baro ne. Shekara tara kun ɓoye mini sunan yaron nan kamar wanda ya yi abin kunya. An ce mini can ana faɗin sunayensu da ƙarfi, kowa ya yi shiru ya saurara. Ina so in ji an kira nasa a gaban mutane, sau ɗaya, kafin in bi shi."

Mai Sharhi ya buga ƙirji ya ce, "Mama, ni da bakina zan karanta shi. Ba wani bare ba, ni."

Ta dube shi ta ɗan jima, don ita ta haife shi, ta san hali. Ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Sunan kawai nake so."

Washegari ya je wurin Sista. Ta saurare shi ta saman tabarau, ta ce sunan bakinsa ya riga shi isowa wurinta. Ya rantse, ya maimaita. Ganin saboda tsohuwa ne, sai ta yarda, ta kwafe masa sunaye goma na ƙarshe a wata takarda da rubutunta manya-manya. Ta ce, "Goma ne. Ko minti biyu ba za su ci maka ba. Kowane suna akwai wanda ya taso daga nesa don ya ji shi."

Matarsa ma ta yi nata. Da safiyar ranar tana goge masa riga ta ce, "Maigida, don Allah yau ka bar siyasar nan a gida. In mun dawo ka zuba mini ita har yamma, zan saurara."

"Ke kin ɗauke ni yaro ne?" in ji shi. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

Ni ma na je, don maƙwabtaka. Yaya ta aro keken marasa lafiya, aka ɗauko tasi har ƙofar gida, mutum uku suka kama Mama suka sa ta ciki. Ta sa mayafinta mafi kyau, wanda ta daɗe ba ta fito da shi daga akwati ba, har layin ninkin bai baje ba. A tashar aka ajiye ta kusa da lasifika saboda kunnenta. Da ta ga wurin da bencin yake a da, ta kama hannun Yaya ta matse.

Aka yi addu'a, aka fara karatu. Wani malamin makaranta ya karanta nasa rabon, wata budurwa da aka kashe mahaifinta tana 'yar shekara takwas ta karanta nata, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Duk sunan da aka kira, sai ka ji wata kusurwa ta rumfar an ja numfashi, ko an ce Allah ya jiƙansa. Wurin ya yi tsit, har 'yan kamasho suka daina kiran fasinja.

Ana cikin haka sai ga jiniya. Wani babban jami'in gwamnati ne ya iso a makare, da motoci biyar, aka tashi wasu tsofaffi daga layin gaba aka ba shi wuri da mutanensa. Yana zama ya ciro waya ya dinga latsawa. Na kalli Mai Sharhi, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

Sista ta kira shi. Ya karɓi makirufo, ya warware takarda. Ya karanta suna na farko, da na biyu, da na uku, da na huɗu. Muryarsa ta fita tas, har na fara jin kunyar zargin da na yi masa. Sai wani na kusa da jami'in ya raɗa masa magana a kunne, jami'in ya yi murmushi. Mai Sharhi ya tsaya. Ya ninke takardar ya riƙe a hannu.

"Kafin in ci gaba," ya ce, "akwai magana ɗaya."

Ba ɗaya ba ce, ba ta taɓa zama ɗaya ba. Ya tambayi inda rahoton binciken da aka yi alkawari ya kwana. Ya tambayi dalilin da shekara goma ba a hukunta ko mutum ɗaya ba. Ya ce masu mulki sun mai da jinin talaka wurin ɗaukar hoto. Har nan jama'a na gyaɗa kai, wasu suka tafa, kuma tafin nan shi ya ƙarasa shi. Ya kama sunan jam'iyya mai mulki, ya ce duk wanda ya zaɓe ta da hannunsa a jinin nan. To rabin iyalan da ke zaune ita suka zaɓa. Wani dattijo da ya rasa 'ya'ya biyu ya miƙe ya ce, "Ni ne na kashe 'ya'yana? Ni?" Wasu samari suka ce ai lokacin da abin ya faru ɗaya jam'iyyar ce ke mulki, wasu suka ce ƙarya ne, tun kafin nan aka shuka shi. Sista ta matso tana cewa, "Sunayen, ɗana, sunayen!" Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata.

Ban ga wanda ya fara jifa da kujera ba. Na dai ga masu gadin jami'in sun kewaye shi sun yi mota da shi, wani ya fizge wayar lasifika, 'yan sanda suka shigo suna cewa kowa ya watse. Mata na jan yara, takalma a zube ko'ina. Ni da Yaya muka tura keken Mama muka raɓe bayan ofishin tikiti. Duk wannan abu ita ba ta gane me ke faruwa ba. Tafin hannunta na bayan kunne, tana tambaya, "An zo kansa? Na ji shiru. An kira shi ban ji ba ne?"

Yaya ta fashe da kuka. Sunaye shida ne ba a karanta ba, na Auta ne cikon na shidan.

Kafin yamma bidiyon ya zagaye wayoyin mutane. Wasu na cewa jarumi, ya faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Wasu na cewa ɗan koren 'yan adawa ne, turo shi aka yi. Aka yi ta zage-zage tsakanin mutanen da ko hanyar tashar ba su sani ba, kuma cikin dubban maganganun nan ban ga wanda ya tambayi sunayen da suka rage ba. Mai Sharhi ya dawo gida da yagaggiyar riga, fuska a sake, yana nuna wa matarsa yawan waɗanda suka kalla. Ta tashi ta shige kicin ta bar shi da wayarsa.

Ya shiga ɗakin Mama. Tana zaune bakin gado, ba ta ma cire mayafin ba.

"Mama, yau na ƙwato wa Auta haƙƙinsa. Duk ƙasa ta ji."

"Sun ji sunansa?"

Ya laluba aljihu, ya ciro takardar duk ta cukuikuye, ya ce, "Bari in karanta miki yanzu."

Ta ɗaga hannu. "Bar shi. Ni na haife shi, na san sunansa. So na yi mutane su yi shiru saboda shi, ko na ƙiftawar ido ne, yadda aka yi wa 'ya'yan kowa." Ta zare mayafin a hankali tana ninkewa. "Abu ɗaya na roƙe ka."

"Baɗi, Mama. Wallahi baɗi ni zan kai ki da kaina."

"Allah ya kai mu," in ji ta, ta miƙa wa Yaya mayafin ta mayar akwati.

Bayan kwana biyu wani mutum ya zo shagonsa, ba fanka a hannunsa. Ya ce direban babbar mota ne, kwana biyu ya yi a hanya don ya ji sunan matarsa, ita ce ta bakwai a takardar Mai Sharhi. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, duk abin da ka faɗa game da binciken nan, ni ma haka nake gani. Amma kana da kwana ɗari uku da sittin da huɗu na faɗinsa. Mu rana ɗaya gare mu." Ya juya ya tafi. Ranar ce na fara ganin an yi wa Mai Sharhi magana bai ba da amsa ba.

Bidiyon bai yi mako ba aka manta da shi, wani sabon rikici ya ɗauke hankalin mutane. Rahoton bincike bai fito ba, jami'in ma ƙarin girma ya samu. Mama kuwa tun daga ranar ba ta ƙara tayar da zancen tasha ba, kuma ba ta yi wa ɗanta faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ciwon ƙafa ya hau sama, aka kwantar da ita asibiti. Ta rasu saura wata huɗu ranar ta zagayo.

Da shekara ta cika ya je tashar shi kaɗai, ni ma na je daga baya. Mutane ba su kai rabin na bara ba, da yawa sun ce ba za su ƙara zuwa a jefe su da kujera ba. Ya zauna can baya, bai nemi makirufo ba, ba wanda ya miƙa masa. Sista da kanta ta karanta goman ƙarshe. Ta zo kan na Auta, ta faɗe shi a sarari, aka yi shiru, wani ya ce Allah ya jiƙansa. Duka-duka abin bai kai jan numfashi biyu ba. Mai Sharhi ya kalli gefen lasifika inda aka ajiye keken Mama bara, babu kowa sai igiyar wuta a ƙasa. Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Darasi: Samun gaskiya a baki bai ba mutum izinin faɗinta ko'ina da kowane lokaci ba. Neman haƙƙin waɗanda aka kashe wajibi ne, kuma yana da ranakunsa da wurarensa masu yawa. Amma ranar da masu rashi suka taru don tuna nasu, ranarsu ce, ba dandalin ra'ayinmu ba. In an ba ka amanar ƙaramin abu a irin wannan rana, ka cika shi tukuna kafin ka buɗe baki da naka. Ra'ayinka zai iya jira har gobe, amma wanda ya roƙe ka ba lalle ne goben ta same shi ba.