Masaukin Ruwan Damina

An yi wani sarki a Birnin Ɗorawa, sunansa Zubairu, wanda jama'a ta yawaita a zamaninsa har cikin ganuwa ya yi musu kaɗan. Sai ya umarci Wazirinsa Hashimu ya yanki gonakin da ke bayan ƙofar gabas, ya tsara sabuwar unguwa mai gida dubu, da kasuwa, da masallacin Juma'a, da marina, da maƙera, da masaukin fatake, bisa sharaɗin duk manomin da aka karɓi gonarsa a ba shi fili a ciki.

Waziri mutum ne mai himma, sai dai son kyan gani ya yi masa yawa. To, mai karatu ya sani a ƙasarmu kowane gida daga rami yake fitowa, domin inda aka haƙi ƙasar gini nan ke zama kududdufi, nan kuma ruwan damina ke taruwa. Da aka gama ginin kasuwa da masallaci, Waziri ya ga ramukan sun ɓata masa tsari, ya sa aka cike su da shara da yashi, ya auna wa manoman filayensu a kai. Shi kuwa, ka san hali, ya zaɓar wa kansa kan tudu.

Ran da Sarki ya zo duba aiki, ya dubi jama'a ya ce, "Wa zai gaya mana wanda aka hana haƙƙinsa a wannan tsari? In babu, gobe a aza harsashin gidaje."

Fadawa suka ce babu. Sai wani tsoho mai yin tubali, Malam Jatau, wanda shi ma gonarsa ta shiga ciki, ya faɗi ya yi gaisuwa, tsoro ya cika shi. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai baƙon da ke sauka mana kowace shekara, an toshe masa masauki. Ruwan damina ne. Shekara arba'in ina kwaɓa ƙasa, ban taɓa ganin ruwa ya manta gidansa ba. In ya tarar an cike, a ɗakunanmu zai sauka, ginin ƙasa kuwa ba ya jayayya da ruwa. Ni da jikokina bakwai can aka ba mu."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, fargabar tsufa ce kawai. Wurin nan an daɓe shi, ya fi dutse ƙarfi."

Sarki ya ce, "Madalla. Ba ya kamata talaka ya fi Waziri samun wuri mai ƙarfi. Mun ba ka filin Jatau, mun ba Jatau naka."

Gumi ya karyo wa Waziri. Can ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, da na sake nazari, ina ganin a tone ramukan ya fi maslaha."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Ko hadari bai haɗo ba, Waziri, har ka jiƙe?"

Aka tone ramukan, aka ba manoma filaye a kan tudu, aka naɗa Jatau Sarkin Magina. Damina ta sauka da ƙarfi, kowane kududdufi ya cika ya batse, ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba.

Shi ya sa masu hikima suka ce, ma'aunin adalci ɗaya ne: inda mai rabo ba zai yarda ya kwanta ba, kada ya shimfiɗa wa wani tabarma.