Inuwa Marar Ganye

Akwai wani manomi wanda yakan bugi ƙirji a bakin kasuwa ya ce, "Ni tun da aka haife ni ban san tsoro ba. Ku kuna ɗaga kai sama kuna roƙon hadari, ni kuwa rana ce take yi mini noma."

Ta wani fanni da gaskiyarsa. Ya ba masu wutar sola hayar gonar gidansu, suka kewaye ta da waya, suka jera farantansu na tara hasken rana a kan dogayen ƙafafun ƙarfe tun daga wannan iyaka har waccan. Da yake farantan ba sa son inuwa, aka sare babbar ɗorawar da mahaifinsa ya rena a tsakiyar gonar.

To, jarumin nan yana da tsohuwa makauniya a gida, ba ta kuwa san an yi haka ba. Tun ranar da aka binne mijinta ta ce masa, "Ran da ka rabu da gonar nan, ka rabu da albarkata." Saboda haka ya gargaɗi matarsa, ya gargaɗi maƙwabta. Duk wadda ta zo gai da tsohuwar sai ya tare ta a ƙofa, ya roƙe ta ta kama bakinta. Yakan sayo dawa a kasuwa ya ce ta gona ce. In tsohuwar ta yi tari ta ce, "Zo nan," mutumin da bai san tsoro ba sai ya nemi wurin ɓuya.

Da damina ta gabato, ta kira shi ta ce, "Ka kai ni gona in yi addu'ar shuka a gindin ɗorawar ubanka. Jikina yana gaya mini ba zan ga wata damina ba."

Ya ce, "Inna, akwai ƙaya a hanya."

Ta ce, "Akwai jaki a gida."

Ya je ya lallashi mai gadin wurin har ya buɗe masa ƙofa. Ya kawo ta, ya sauke ta daga jaki, ya shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin farantan, ya ce, "Ga inuwar, Inna."

Ta zauna, ta kasa kunne. "Ban ji tsuntsu ko ɗaya ba."

"Sun tafi kiwo."

"Ganyen ma ba ya motsi."

"Ai yau babu iska," in ji shi, alhali iskar tana neman tuɓe masa riga.

Tsohuwar ta sunkuyar da kai ta fara addu'a, tana roƙon Ubangiji ya sa wa gonar albarka, ya ba ɗanta ƙarfin huɗa. Shi kuwa ya ga hadari ya taso baƙi ƙirin daga gabas, zufa ta karyo masa. Duk ƙasar nan shi kaɗai ne manomin da yake roƙon kada a yi ruwa. Yayyafi ya sauko, ya fara buga farantan ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ta katse addu'ar. Ta ɗaga sandarta sama a hankali, sanda ta daki ƙarfe.

Ta ce, "Ɗana, tun yaushe ɗorawar ubanka ta yi rufin kwano?"

Nan ƙaryarsa ta ƙare.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan mu ne, gonar kuwa amanar da Allah ya danƙa a hannunmu. Kada wani ya koma gida ya ce an hana sola, gama da ita muke ganin haske a ɗakin sujadar nan. Zunubin mutumin shi ne ya yi abinsa a ɓoye, ya kuma rufe shi da ƙarya. Tun daga ranar tsoro ya tare a gidansa, har tarin uwarsa ya zama masa tsawa. 'Yan'uwa, tsohuwar nan makauniya ce, duk da haka yayyafi kaɗan ya isa ya tona asirin ɗanta. Wanda za mu tsaya a gabansa kuwa idonsa biyu. In akwai itacen da ka sare a ɓoye, je ka faɗa da bakinka yau, tun sama tana wasai.