Bizar Baƙon Zanzibar

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Kafinsoli, cikin ƙaramar hukumar Kankia, ana ce masa Sadisu. Mutum ne mai riƙon gida da zumunci, wannan kam ba zan rage masa ba. Sai dai zargi ya yi masa katutu. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya fara tunanin me kake nema. In ya sayi buhun gero sai ya zura hannu har gindin buhun, ko da a wajen kawunsa ya saya.

Ƙanwarsa Rauda ta yi karatun ungozoma a Masar, ta dawo tana aiki a wani asibiti a Kusada. A can makaranta ta haɗu da wani malamin jinya mai suna Habibullahi, mutumin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya. Suka fahimci juna, ya ce aure yake so, ta ce ya bari ta kai maganar gida.

Mahaifinsu, Malam Nata'ala, malamin zaure ne. Tsufa da ciwon ƙirji sun kai shi ga ba ya wuce masallacin ƙofar gida. Malam yana da wata al'ada da kowa ya sani: bai taɓa aurar da 'yarsa ga mutumin da bai kwana a zaurensa ba. Sai sun ci tuwo kwano ɗaya, ya ga yadda mutum yake alwala, ya ji yadda yake yi wa ƙananan yara magana, sannan ya yanke hukunci.

Da maganar ta je masa, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ni ba ni ba da ɗiya ga hoton waya. Shi taho in gan shi da idona. Amma a hanzarta, Rauda, jikin nan nawa ba shi da tabbas."

Kafin Habibullahi ya shigo Najeriya sai ya samu bizar ziyara daga ofishin jakadancinmu da ke ƙasarsu. Kuma ana son wani a nan ya tsaya masa a matsayin mai masauki, ya rubuta takardar gayyata, ya sa lambar wayarsa. To, budurwa ta gayyato namiji gidan ubanta da sunanta, ai abin kunya ne. Shi ya sa Rauda ta durƙusa gaban yayanta ta roƙe shi.

Sadisu ya ce to, don a gaban Malam aka yi maganar. Ya sa hannu, ya ba da lambarsa. Amma wannan "to" ɗin a leɓe ta tsaya, ba ta kai zuci ba.

Daga ranar ya shiga tattara hujjoji, yana kai su rumfar abokinsa Gajere mai shayi, wanda shi ma bai taɓa jin labarin da ya ƙi ƙara masa gishiri ba. Mutumin nan bai taɓa roƙon Rauda ko sisi ba? To babban ɗan damfara ne, lokaci yake jira. Yana sunkuyar da kai in suna gaisawa da Malam ta bidiyo? Koya masa aka yi. Yana ƙoƙarin cewa "ina kwana" da gurɓatacciyar Hausa? Wannan ma cikin shirin ne. Gajere ya kawo labarin 'yan matan da ake yaudara da aure a kai su ƙasashen waje aikatau, Sadisu ya ce ai shi tun farko abin da ya hango ke nan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, Sadisu a zauren Malam ya tashi, yana jin Larabci daidai gwargwado, Habibullahi ma haka. Rauda ta ba shi lambar mutumin, ta yi ta roƙonsa ya kira ya tambaye shi duk abin da ransa yake so, har iyayensa da limamin unguwarsu in yana buƙata. Bai taɓa kira ba. Cewa yake yi me zai tambayi maƙaryaci.

Wata rana Rauda ta tuna masa cewa wataƙila ofishin jakadancin su kira shi don su tabbatar da gayyatar. Ya gyaɗa kai, amma a ransa ya ce ga shi nan, har an fara shirya masa mai kira.

Ranar kasuwar Kankia, da rana tsaka yana cikin awo, wata baƙuwar lamba ta ƙasar waje ta shigo. Mace ce, ta fara da Turanci, da ta ji sunansa sai ta juya zuwa Hausa tsantsa. Nan fa Sadisu ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. Ina Zanzibar ina Hausa? Bai tsaya ya tuna cewa ofishin na Najeriya ne, ma'aikatansa kuma 'yan gida ne ba.

Ta tambaye shi ko shi ne Sadisu Nata'ala na Kafinsoli, kuma ko shi ya gayyaci wani Habibullahi.

"Baiwar Allah," in ji shi, "ban san shi ba, ban gayyaci kowa ba. Ku tahi ku nemi wani, wanga ya hi ƙarhinku."

Ya kashe wayar. Da yamma ya ba Gajere labari, suka yi ta dariya har shayi yana zuba.

Ba a daɗe ba Rauda ta dawo daga Kusada idanunta sun kumbura. An hana Habibullahi biza. Ta ce ta tambaye shi dalili, ya ce mata ba a dace ba ne kawai, zai sake nema in Allah ya yarda.

A take Sadisu ya gane kiran nan na gaskiya ne. Nan ne ya kamata ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi. Amma girman kai ya hana shi. Har ma ya dubi Malam ya ce, ai ga shi, hukuma ma ba ta yarda da mutumin ba.

Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a sake rubuta gayyatar, a sa sunansa da lambarsa shi da kansa.

Nema na biyu ya ja lokaci, don wanda aka taɓa hanawa sai an ƙara bincike a kansa. Damina ta sauka. Malam ya sa aka yi wa ɗakin zaure sabon yaɓe, aka sayo tabarma da buta. Wayarsa kuwa ba ya yarda ta yi nisa da shi, har masallaci da ita yake shiga a aljihu. Duk wanda ya shigo daga Kankia sai ya tambaye shi, "Ina labarin baƙona?" Sadisu yana ji, yana sunkuyar da kai, yana kuma ƙara gaya wa kansa cewa wataƙila dai mutumin ɗan damfarar ne.

Ana tsakiyar yankan gero Malam Nata'ala ya rasu. Ba a daɗe da share makoki ba biza ta fito.

Yanzu Sadisu ne waliyyi, shi ya je Kano ya tarbo baƙon. Wani siririn mutum ya gani da 'yar jaka ɗaya, ba abin tsoro ko ɗaya a tare da shi. Da suka iso Kafinsoli aka kawo ruwa da fura, Habibullahi ya ce a yi masa afuwa, a fara kai shi wajen Malam.

Ya daɗe tsaye a kan kabarin yana addu'a, hawaye na bin gemunsa. Mutumin da bai taɓa riƙe hannun Malam ba ke nan.

A hanyar komawa halin zargin nan ya motsa. Sadisu yana so ya auna ko mutumin ya san wani abu, sai ya tambaye shi da Larabci, kamar ba komai, wai me ya sa aka hana shi biza da farko.

Habibullahi ya tsaya. Ya ce, "Sun gaya mini mai masaukina ya ce bai san ni ba."

Da ƙyar Sadisu ya iya tambaya ko Rauda ta sani.

"Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba. Ban zo gidanku don in raba wa da ƙanwarsa ba. Da ƙanwata ce, ni ma zan ji tsoro. Amma Yaya, lambata tana hannunka tun kafin damina. Da ka tambaye ni, da na amsa maka, da kuma na sami Malam da ransa."

Sadisu ya zauna a bakin hanya, a kan kunyar wata gona, ya rufe fuska da hularsa ya yi kukan da bai yi ba ko a ranar jana'iza. Habibullahi ya tsuguna kusa da shi yana jira ya gama.

Sadisu da bakinsa ya ba da auren Rauda a makon da ya biyo baya. A daren walimar ne ya kira ta gefe ya faɗa mata komai. Ta yafe masa, amma ta ce masa abu ɗaya: Malam har ya cika yana tambayar baƙonsa.

Darasi: Kare 'yan uwa daga mayaudara wajibi ne, amma zargi ba bincike ba ne. In hankalinka bai kwanta da mutum ba, ka tambaya, ka bincika, ka tabbatar kafin ka yanke hukunci. In kuma ka gane ka yi kuskure, ka faɗa da wuri tun gyara yana yiwuwa. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda kira ɗaya ya rage masa ya san gaskiya.