Zoben da Ya Faɗi Cikin Rairayi

Akwai wani maigida a ƙauyen bayan dutse, inda waya ba ta samun sabis sai da eriya a kan dogon ƙarfe. Yana da ɗa guda, wanda suka rabu baram-baram, ya tafi birni mai nisa. Kowace Lahadi bayan sujada tsohon yakan zauna da wayarsa a cinya, ko ɗan zai kira.

Ran nan iska ta girgiza eriyar, aka kira mai gyara. Da ya kwance kan wayar eriyar, sai wani ɗan zoben ƙarfe, wanda bai kai ƙwayar wake ba, ya faɗi cikin rairayi. Shi ne yake riƙe da 'yar allurar da ke ciki, wadda sabis ke bi ta cikinta. Ya laluba, ya laluba, rana ta dame shi. Sai ya mayar da kan haka nan, ya naɗe da baƙin salatif.

Maigida ya ce, “Ɗana, zai riƙe kuwa?”

Mai gyara ya ce, “Haba Baba! Har jikokinka.”

Daga waje ba abin da ya nuna. A ciki kuwa allurar ta ja da baya kaɗan, sabis ya daina shiga.

A makon nan ɗan ya kwanta ciwo. Kwana uku yana kira domin ya nemi gafara, kira bai shiga ba. Ya ce wa abokin ɗakinsa, “Bar shi. Baba ya rufe mini ƙofa.” Tsohon kuma yana cewa, “Yaron nan ya manta da mu.” Wani direban mota ne ya kawo wa tsohon labarin rasuwar ɗansa.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: zoben nan shi ne ƙananan abubuwan da ke riƙe mu da Ubangiji da kuma juna, addu'ar safe, gaisuwa, kalmar “na yi kuskure”. Salatif kuwa shi ne rigar Lahadi da “lafiya lau”. Ni kaina shekara tara na yi nesa da gida ina cewa gobe zan gyara. Na dawo na tarar da kujerun waɗansunmu a nan ba kowa. Ubangiji yana gafartawa, na gaskata. Amma mahaifiyata ba ta ji muryata ba, ba kuwa za ta ji ba. Wanda nasa suke da rai, kada ya ci abincin rana yau sai ya je wurinsu.