Tsagar da Noeline Ta Bari

Akwai wani tsohon kafinta mai suna Merv a garin Bothwell na Tasmaniya. Gwani ne a aikin hannu, amma in ya kafe a kan magana, ko jaki ya sallama masa.

Matarsa Noeline tana da 'yan kajinta a bayan gida. Akurkin ma ita ta haɗa da hannunta, ta bar doguwar tsaga a ƙarƙashin rufi, ta rufe ta da ragar waya. Shekara da shekaru Merv yana yi mata tsiya: "Matar kafinta guda, amma ɗakin kajinki kamar kwando!" Ita dai sai ta yi dariya ta ce ya bar mata kayanta.

A farkon hunturu sanyi ya kama haƙarƙarin Noeline. A gadon asibiti ta riƙe hannunsa ta ce, "Ka kula min da 'yan matana." Ya san kajin take nufi, ya yi mata alkawari. Ba ta koma gida ba.

Da Yuli ya shigo, watan tsananin sanyi a can, ruwan kajin ya fara kwana yana daskarewa. Merv ya tsaya a akurkin da safe, ya ji iska na shigowa ta tsagar nan, zuciyarsa ta yi baƙi. Ya ɗauko katako da ƙusa ya toshe ta ruf. Ya cusa tsumma a kowace kafa, ya lulluɓe ƙofar da tsohon bargo, ya daina sakin kajin ko da rana.

Guda ɗaya ce ta gagare shi, wata tsohuwar baƙar kaza mai suna Mavis. Ta haye can saman rumfar itacen girki, inda iska ke wucewa, ta ƙi sauka. Kullum sai ya bi ta da tsintsiya yana haki, yana cewa, "Mutu can, marar kunya!"

Yayarsa Glenys ta kawo masa miyar kabewa. Ta leƙa akurkin, wari ya buge ta, ta ja da baya tana tari.

"Kai Merv, kaji ka ajiye ko gawa? Dubi bango yana zufa! Cire katakon nan."

"Ba ruwanki."

"Kaza da rigarta aka haife ta, ɗan'uwana. Ba sanyi ke kashe ta ba, danshi ne. Noeline ba don lalaci ta bar tsagar nan ba."

Ya juyo idonsa jajir. "Sanyi ne ya kashe min mata, Glenys. Ba zai ƙara ɗaukar komai a gidan nan ba. Kwashe miyarki."

Ta ajiye tukunyar a bakin ƙofa ta tafi. Daga ranar ya daina amsa wayarta, labulen gidansa ma ya bar su a rufe.

Abin tausayi, Merv bai yi sakaci ba ko kaɗan. Yana dama musu hatsi da ruwan ɗumi, yana ƙara ciyawa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Amma numfashin kajin da tururin kashinsu ba su da hanyar fita. Laimar ta sauka a kan zankonsu, sanyin asuba ya daskarar da ita, zankon ya yi baƙi. Suka fara atishawa, idanunsu na ruwa, ƙirjinsu na kakari.

Da ta farko ta mutu, sai ya ce ai sanyi bai gama fita ba, ya ƙara wani bargon.

Haka suka yi ta faɗuwa. Ta ƙarshe a hannunsa ta cika, a cikin rigarsa. Ya haƙa rami a ƙasar da ta yi tauri kamar dutse, yana sara yana kuka, don ba kaji kaɗai yake binnewa ba, har da alkawarinsa.

Yana nan durƙushe Glenys ta shigo ta ƙofar baya. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tsaya kusa da shi kawai.

Sai suka ji kurkur daga rumfar itace. Mavis ce ta diro, gashinta a bushe, zankonta ja wur, ta hau tonon ƙasar da ya haƙo kamar ba abin da ya faru.

Merv ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ita kaɗai ce na kasa kulawa da ita, Glenys. Ita kaɗai ta rayu."

Ya miƙe ya ɗauko guduma, ya fara ɓalle katakon. Ragar Noeline na nan a ƙarƙashi, ko ƙusa ɗaya ba ta saki ba.

Darasi: Ƙauna in ta haɗu da taurin kai takan shaƙe abin da take son karewa. Kafin ka toshe ƙofar da wani ya bari a buɗe, tambayi dalili, kuma kada baƙin ciki ya toshe maka kunne. Masu kiwo, ku tsare kajinku daga iska mai bugu, amma ku bar musu mafitar danshi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana riƙe da gudumarsa yanzu.