Yabon da Ya Karya Ƙafar Thawin

A wani ƙauye kusa da Phetchaburi an yi wani saurayi, Thawin, mai hawan giginya yana taro ruwanta, uwarsa tana dafawa ta yi mazarƙwaila. Da ƙafafunsa biyu gidan yake ci. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, sai dai ba ya jin magana, ba ya kuma tausayin wanda bai kai shi ƙarfi ba.

Da ya ga ana yi wa 'yan muwai tai, wato damben hannu da ƙafa, kirari, sai ya tafi sansanin Malam Samruay ya ce a koya masa. Malam ya sa shi tsallen igiya da ɗaga gwiwa don tare shuri. Wata guda cur ba a ba shi wani abu daban ba.

"Malam, ni duka na zo koyo, ba rawa ba," in ji Thawin.

"Juya ƙugunka idan za ka yi shuri. Kana jefa ƙafa kamar mai korar kare," Malam ya ce.

A sansanin, a hankali ake gwaji, ana taɓa juna ana dariya, domin kowa da jikinsa yake neman abinci. Ranar da aka fara haɗa Thawin da Prayun, wani siririn magidanci da ke da wasa nan da kwana biyar, Prayun ya ce, "Ƙanena, sannu-sannu dai." Thawin ya tattara ƙarfinsa duka ya zuba masa ƙafa a haƙarƙari. Prayun ya zube yana neman numfashi, ƙasusuwa biyu sun karye.

Thawin ko sannu bai ce ba. Dariya ma ya yi. "Wanda bai iya kare kansa ba, shi ta shafa."

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Abin da suka yi masa ya fi haka muni: suka daina yi masa gyara. Ya yi shuri a karkace, su yi shewa, "Kai, gwarzo! Wa zai iya da kai?" Malam Samruay ya koma kallon bango duk lokacin da Thawin ke dukan buhu. Shi kuwa sakarai sai kansa ya ƙara girma.

Wata uku bayan haka ya ce lallai sai an sa shi a wasan bikin haikali. Malam ya ce, "To."

Abokin karawarsa tsohon hannu ne, mai tumbi da furfura. Thawin ya raina shi. Ana buga ƙararrawa ya ɗebo irin shurin nan nasa. Mutumin bai yi komai ba, gwiwa kawai ya ɗaga. Ƙwaurin Thawin ya sauka a kanta, ƙarar ta kai har wajen masu sayar da gasasshiyar kaza. Ƙafar ta lanƙwashe a inda ba gaɓa.

An yi ɗori, amma ƙafar ta warke a karkace. Giginya ta gagare shi har abada. Uwarsa ta bar wa maƙwabci itatuwan, shi kuma ya koma gadin tukunya yana tura wuta.

Wata rana Prayun ya biyo ta wurin sayen mazarƙwaila. Ya dubi ƙafar ya ce, "Kullum muna ganin yadda kake shurin nan. Har ranar da za ta karye mun sani."

Idon Thawin ya cika da hawaye. "Yaya, me ya hana ku faɗa mini?"

"Ai kai ka koya mana. Wanda bai iya kare kansa ba, shi ta shafa." Ya ɗauki ledarsa ya wuce.

Darasi: Mai koyo ba shi da dukiyar da ta wuce mutanen da ke gaya masa kuskurensa. Idan ka cuci abokan koyonka, ka raina malaminka, ba lallai su rama da hannu ba, shiru kawai za su yi su bar ka da jahilcinka. Ranar da ka ga masu yi maka gyara sun koma tafa maka, tsaya ka tambayi kanka wa ka ɓata wa.