Ranar da Tunau Ya Ɗaga Ƙafa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso, muna ji.

A wani daji akwai doka: rijiya ta wanda ya ɗaga ƙafa ya yi fitsari a jikin tsamiyar bakinta ce. Akwai wata karya mai suna Gwamma, mijinta shi ke yi kullum. Ya mutu ya bar ta da ɗa guda, Tunau, wanda har yanzu tsugunawa yake.

Sai Kyarkeci ya zo, ya ɗaga ƙafa, tsirrr!

Ya ce, "Gwamma, gidanku duk 'yan tsuguno ne. Rijiya ta zama tawa."

Gwamma ta tafi gaban Zaki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kakan mijina ya haƙa rijiyar nan. An ƙwace, an kuma haɗa da zagi. Duka biyun nake ƙara!"

Zaki ya ce, "Wata uku. In ɗanki bai ɗaga ba, ku nemi wani ruwan."

Watan farko ta tokare masa ƙafa da kara. Kara ya karye, Tunau ya faɗi.

Wata na biyu ta ɗaure ƙafar a reshe. Igiya ta tsinke, Tunau ya faɗi.

Wata na uku ta ɗauko tsumagiya. Tsohuwar Kunkuru ta leƙo, ta ce, "Ke Gwamma, wa ya koya wa zakara cara? Abin nan a jini yake. In jini ya nuna, murya ta buɗe, ƙafa da kanta take tashi."

Gwamma ta ajiye tsumagiya, amma ta kasa cin abinci.

Ranar ta zo, dabbobi suka taru. Kyarkeci ya ce, "A shimfiɗa wa yaro tabarma ya tsuguna!"

Tunau ya matso. Ya shinshina tsamiya, ya ji warin baƙo a gurbin ubansa. Gashin wuyansa ya miƙe. Ya yi gurnani, murya irin ta uban sak. Ƙafa ta tashi, ta tashi, tsirrr, har saman na Kyarkeci!

Gwamma ta zauna daɓas, ta sauke numfashi. Sannan ta miƙe ta ce, "Rijiya ta dawo. Saura zagin."

Zaki ya sa Kyarkeci ya tsuguna a gaban kowa, ya ce ya tuba, sau uku. Gwamma na ƙirgawa. Na biyun bai fito sosai ba, ta sa ya maimaita.

Abin da girma zai kawo, bulala ba ta gaggauta shi.

Ƙurungus, kan kusu ya faɗa rijiyar Gwamma.